Daddawar da Na Mayar

Shekaru masu yawa na yi ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandare a Kafanchan, kuma duk zango na biyu nakan jera tushen dokokin ƙasar nan a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: kundin tsarin mulki, dokokin majalisa, abin da muka gada daga Turawa, hukuncin manyan kotuna, shari'ar Musulunci, sannan al'ada. Kullum al'ada ce ta ƙarshe, can ƙasan allo inda sai na sunkuya, lokacin alli ya zama ɗan guntu. Sau da yawa ƙararrawa ce ke ƙarasa mini bayaninta. Abin da nake iya yi kafin yara su watse shi ne in karanta musu jimla ɗaya su rubuta: al'ada tana zama doka idan tana raye, mutane suna bin ta, suna kuma ganin dole ne su bi ta. Su haddace, su zuba a jarrabawa. Ni ma haddacewar na yi. Bambancina da su, ni ke riƙe da alli.

Da na yi ritaya na zauna a gidan da muka gina da matata, kusa da layin dogo. Jirgi ya daina wucewa ta nan da daɗewa, awaki ne ke kiwo tsakanin ƙarafan. Yara sun watse, ɗaya Abuja, ɗaya Legas, suna kira ran Lahadi bayan sujada su tambaye ni ko na sha magani. Sai matata ta rasu. Makonnin farko gidan bai rabu da mutane ba, matan zumuntar coci suna shiga suna fita da kuloli. Daga nan kuloli suka ragu, ƙafa ta ɗauke, na koma ni da rediyo da kujeru shida, biyar ba mai zama.

Mutum ɗaya ce ba ta fasa zuwa ba: Yayata, wadda ta goye ni. Tana zaune a ƙauyenmu, a kan hanyar Zangon Kataf, mijinta ya daɗe da mutuwa. Ba ta yi makaranta ba. Ita aka bari a gona lokacin da mishan suka ɗauke ni, shi ya sa har yau take kirana Ticha, da wata irin murya da ban taɓa gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

A gonar mahaifinmu akwai wata ɗorawa, babba, wadda mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinta. A ƙauyenmu ƙasa ta 'ya'ya maza ce, ɗorawa kuwa ta 'ya'ya mata. Ko mace ta yi aure ta tafi, duk shekara tana da ikon dawowa gonar ubanta ta kaɗe ɗorawa, har ranar da za ta mutu. Wannan na sani tun ina yaro, har nakan ba da shi misali a aji idan ƙararrawa ta yi mini jinkiri. Na kuma san idan mace ta dafa kalwa ta yi daddawa, takan kai ta farko gidan babban namijin gidansu. Wannan kam na ɗauke shi kyauta ce, irin ta zumunci, kamar yadda ake kai wa mutum sabuwar doya.

Da babban wanmu ya rasu, ni na zama babban gida. Ba don na cancanta ba, don dai ni na rage. Daga shekarar Yaya ta fara kawo daddawarta gidana a Kafanchan. Takan iso da hantsi, an sauke ta a babur, da kwanon sha a ƙulle cikin ɗankwali, a ciki dunƙule uku naɗe da ganye. Matata ce ke tarar ta a ƙofa, ta karɓi kwanon da hannu biyu, su shige kicin suna hira. Ni ina falo da jarida. Da yamma in ji miya ta canza ɗanɗano, in ce yau kam an yi girki. Iyakar sanina ke nan.

Shekarar farko bayan rasuwar matata, ni na buɗe ƙofar. Na dubi Yaya, ta rame, takalminta ɗaure da zare. Na dubi kwanon. Na tuna wahalar da ke cikinsa: kaɗewa, ɓarewa, wankin kalwa a rafi, wuni guda ana dafawa, itace nawa. Ni kuwa girkina bai wuce shinkafa da mai ba, da ɗan dunƙulen kanti.

Na ce, “Yaya, ki kai kasuwa ki sayar, ki sayi sabulu. Ni kaɗai ne, wa zai ci?”

Ta tsaya da kwanon a hannu. “Ko ɗaya ka ɗauka.”

“Hawan jini, Yaya. Likita ya ce in rage irin waɗannan.”

“Likitan ya san Baba?”

Na yi dariya, na ce bai san shi ba.

“Ticha, ɗauki ɗaya. Ko kaji ka jefa wa.”

“Ba ni da kaji.”

Na karɓi kwanon, na ƙara ɗaure bakin ɗankwalin da kyau, na saka mata a jaka da hannuna. Na dafa mata shayi, na yanka burodi. Ta sha rabin kofi. Har bakin titi na raka ta, ina jin daɗin kaina, ina ganin yau na yi aikin Kirista.

Da shekara ta zagayo ta sake zuwa da kwanon, na sake mayarwa. Haka muka yi sau shida. Bayan ta biyu ba ta ƙara roƙona ba, sai dai ta ajiye kwanon a kan tebur tsakaninmu, ta zauna tana kallonsa, muna maganar ruwan sama da waɗanda suka mutu a ƙauye. Idan ta tashi tafiya takan ɗan jima a tsaye. Ni kuma in ɗauko in miƙa mata, in ce kar ta manta kayanta.

Ɗan marigayi wanmu yana zaune a Sabon Tasha, can Kaduna, yana sayar da kayan gyaran babur. Kason ubansa na gona shi ne inda ɗorawar take. Wata rana ya kira ni ya ce ya sami mai saye, wani manomin citta, yana so in sa hannu a matsayina na babban gida. Na ce ƙasa tasa ce, amma ɗorawa ta gwaggonsa ce. Ya ce, “Ba damuwa, Baba.” Na sa hannu. Ni da na shekara nawa ina gaya wa yara su karanta takarda kafin su sa hannu, na karanta kuwa, har na gyara kuskuren rubutu biyu. Ban lura babu maganar itace a ciki ba.

Da rani, ɗorawa ta yi furen nan ja mai kama da tuntun hula, ta fara zuba 'ya'ya, sai manomin cittar ya shafa wa gindinta jan fenti. Tarakta zai shigo da ita, itacen kuma masu katako sun riga sun gani. Yaya ta ɗauki tabarma ta je ta zauna a gindin, kullum daga safe har yamma. A kwana na huɗu matan zumuntar cocinsu suka ɗauke ta suka kai ta kotun gargajiya ta shigar da ƙara. Ni aka sa shaidarta, babban gida, ga kuma boko.

Gaskiya na ji daɗi. Rabona da wani ya nemi sanina tun ranar walimar ritaya. Na kakkaɓe littattafai, na zauna mako guda na rubuta shafi huɗu da Turanci a kan matsayin al'ada a dokar ƙasa, da sharuɗɗan karɓarta, da yadda al'adarmu ta ɗorawa ba ta saɓa wa adalci ba, har ma ta riga Turawa tunanin haƙƙin mata. Na kai aka buga mini a kwamfuta. Na goge kwat ɗin da na yi bikin ɗiyata da shi.

Kotun ɗaki ɗaya ce mai benci kamar na coci, da fanka da ba ta juyawa. A littafi an ce alƙalin kotun gargajiya yana ɗauke da al'ada a ƙirjinsa. Namu alƙalin daga wajen Kagarko aka turo shi, ƙirjinsa al'adar wasu yake ɗauke da ita, don haka aka zaunar masa da wani dattijo daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, tsoho ƙwarai, mai sanda da hular sanyi a tsakiyar zafi. Yaya na zaune a bencin gaba da zanen zumunta. Da na zauna kusa da ita na nuna mata takarduna, sai ta ce da yarenmu, “Ka faɗi abin da ka sani.”

Lauyan manomin cittar ya taso ya zo har inda nake ya rusuna. “Sa, ba ka gane ni ba? Layin taga, kujera ta uku. Kai ka sa na karanta lauya.” Na gane shi. Yaro ne mai kyan rubutu. Na ji wani alfahari ya taso mini, na dubi Yaya ko ta gani. Tana kallon ƙasa.

Aka kira ni, na ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki na rantse. Na fara karanta shafin farko. Alƙali ya bar ni har ƙarshen sakin layi na biyu, sannan ya ɗaga hannu.

“Baba Malam, mun gode. A ba rajistara takardar, za mu karanta. Yanzu abin da idonka ya gani muke so.”

Na faɗi abin da na sani: ƙasa ta maza, ɗorawa ta mata, haka uwarmu ta yi a gonar ubanta, haka gwaggonninmu suka yi a tamu. Dattijon yana gyaɗa kai. Na ga alama mun ci.

Sai lauyan ya miƙe, cikin ladabi.

“Sa, kai ka koya mana al'ada tana zama doka idan tana raye, ana bin ta. Haka ne?”

“Haka ne. Ka riƙe da kyau.”

“Na gode, Sa. A al'adar nan, macen da ke kaɗe ɗorawa tana kai daddawar farko ga babban gida?”

“Tana kaiwa. Yayata ba ta taɓa fashi ba.”

“Bara ta kawo maka?”

“Ta kawo.”

“Ka karɓa?”

Na dubi bencin baya, na ga ɗan wana ya sunkuyar da kai, sai na san daga inda tambayar ta fito. Amma har lokacin ban ga ramin ba. Na ce ban karɓa ba, na ma yi bayani da ɗan murmushi: tsohuwa ce, ba ta da ƙarfi, ni kuma ni kaɗai, gara ta sayar. Ina jiran a yaba.

Dattijon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bai jira alƙali ba, ya tambaye ni da yarenmu, “Sau nawa?”

“Shida.”

“A jere?”

“A jere.”

Ya juya ga alƙali ya yi bayani da Hausarsa ta ƙauye, wadda ba ruwanta da namiji ko mace. “Ranka ya daɗe, daddawa ɗin ba kyauta ba ne. Shi ne igiya. Mace ya kawo, babban gida ya karɓa, to gida ya ce har yanzu ke namu ne, itace naki ne. In mace ya yi wa gida laifi babba, ba a kiran taro, ba a zagi. Ya kawo daddawa, a mayar masa. Sau ɗaya, gargaɗi. Sau biyu, fushi. Sau uku, gida ya ɗauke hannu, itace ya koma na mai ƙasa. Ni tun da aka haife ni sau ɗaya na gani, wani mace da ya kai ɗan'uwansa wurin boka. Shida kam ban taɓa ji ba.”

Na ce ban sani ba. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, na faɗa da yarenmu. Na ce ba da niyyar hukunci na yi ba, kuma kowace doka a duniya tana duba niyya. Alƙali ya ga abin ya dame ni, ya tambayi dattijon ko al'ada tana la'akari da abin da ke zuciyar mutum.

Tsohon ya ce, “Al'ada hannu yake kallo. Zuciya na Allah ne da Fasto.”

Na ce to a kawo daddawar yanzu, zan karɓi duka shidan a gaban kotu. Wasu a baya suka yi dariya, ɗan sandan kotu ya tsawatar. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce da ƙasar tana hannun gida, da sai a yanka kaza a sasanta, a ɗaura igiya sabuwa. Amma ƙasa ta fita, kuma da sa hannuna ta fita.

Na sha tunanin ranar. Da na san inda tambayar ta nufa, da na ce na karɓa? Ni dattijon ikilisiya ne, hannuna bai daɗe da barin Littafi ba, kuma ina so in ce da ban yi ƙarya ba. Amma ba a gwada ni ba. Ban kai matsayin wanda Shaiɗan zai ɓata lokaci a kansa ba, jahilci ya riga shi gama aikin.

Bayan mako biyu aka yanke hukunci. Itace ya bi ƙasa. Sai dai alƙali ya ce 'ya'yan da ke kai a bana na Yaya ne, kada a taɓa itacen sai ta gama kaɗewa. Lauyan ya same ni a waje ya ce, “Sa, ka yi haƙuri, aiki ne.” Na ce ya yi aikinsa da kyau, kuma gaskiya na faɗa. Da a aji ne da na ba shi maki cikakke.

Na gaya wa Yaya akwai kotun ɗaukaka ƙara a Kaduna, zan tsaya mata. Ta ce, “In kai ƙarar wa? Kai?”

Ranar kaɗewar ƙarshe na shiga mota na tafi ƙauye. Rabona da gonar tun jana'izar wanmu. Na same ta ita kaɗai, da doguwar gora mai ƙugiya da buhuna biyu. Na ce ta ba ni gorar. Ta ba ni. Na yi ta fama, ina karyo ganye da ƙananan rassa, ɗorawar tana lilo tana tsere mini, wuyana ya ƙage. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta karɓa. Ita da bayanta ya ranƙwafa, sau ɗaya take murɗawa, tarin ya faɗo. Ni na koma mai tsincewa, aikin da nake yi mata tun ban shiga makaranta ba.

Da rana ta take muka zauna a inuwar, jan fentin yana daidai kanmu. Ta ɓare ɗaya tana tsotsar garin, bakinta ya yi rawaya. Ba ta dube ni ba ta ce, “Ticha, yanzu da komai ya wuce, gaya mini. Me na yi maka?”

Na ce ba ta yi mini komai ba.

“Shekarar farko na ce baƙin ciki ne, mutum ya rasa mata. Ta biyu na ce don ban zo asibiti da wuri ba ne, lokacin da take kwance. Ruwa ne ya cinye gada, na aiko a gaya maka, ban sani ba ko an gaya maka. Ta uku na ce ko don na tafi washegarin jana'iza ban yi kwana bakwai ba. Akuyata ce ke haihuwa. Na je wurin Fasto na yi tuba a kan wannan. Na yi azumi. Daga nan laifuffukan da na sani suka ƙare, sai na koma tun muna yara. Na tuna ranar da na yar da kai a rafi.”

“Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ma'anarsa ba?”

“In koya wa babban gida al'adar gidansa? Kai da ke da ɗaki guda na littafi? Na ce ka sani. Matarka ta sani, ita da ba 'yar garinmu ba. Ranar farko ta tambaye ni da wane hannu ake karɓa.”

Na ce tausayinta na ji, shi ke nan, babu wani abu a ƙasa.

Ta tofar da kalwa a tafin hannu, ta jefa a kwano.

“Da ka ce laifi na yi, da ya fi mini sauƙi. Laifi ana roƙon gafara, a yanka kaza.”

Muka ci gaba da aiki har buhunan suka cika. Na ce zan ɗaukar mata ɗaya zuwa gida, ta ce kwat ɗina zai ɓaci, ko da yake ban sa kwat ba ranar. Ta ɗora ɗaya a kai, ta ce za ta dawo ta ɗauki ɗayan. Na zauna na tsare shi har ta dawo.

Bayan kwana goma masu katako suka zo da injinsu. Ban je ba. An ce ta je, ta tsaya a bakin iyaka har itacen ya faɗi, sannan ta koma gida ta ɗora tukunyar kalwa. Kafin damina ta yi nisa ɗiyarta ta zo ta ɗauke ta zuwa Sabon Tasha, tunda babu sauran abin da ke riƙe da ita a ƙauye. Motarsu ta Kafanchan ta bi. Ɗiyar ta kira ni daga tasha ta ce suna sauri, direba ba zai jira ba, Mama tana gaishe ni.